Amo a Cikin Randa

Shekara sha tara ina goya amfilifaya a bayan Besfa
daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Sabon Gari,
baƙin akwati mai tabon sigari a kafaɗa.
Sai ya yi minti biyar yana gyaran murya
kafin ya yarda mu gaisa.
In ya ɗau zafi, warin dalma yake yi,
in na danne tsirkiya ta shida
har a haƙarƙarina nake jin amsa.

Bara ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya yi shiru.
Baba Emeka ya buɗe cikinsa ya leƙa,
ya ce ƙwan da ya mutu
ko a Legas sai an sha yawo.
Na biya kuɗin dubawa, na baro shi a kan kanta.

Nusaiba ce ta ce, Baba, an daina wannan wahalar.
Ta kawo kwamfuta da wani ɗan akwati
da bai fi sandar sabulu ba,
ta soka masa wayar jita a ƙugu.
Ga amfilifaya ɗari a allo, in ji ta, zaɓi naka.
Hotuna ne, har da ƙyallin maɓalli.
Ba mai nauyi a cikinsu, ba mai wari.

Na kaɗa.
Abin da ya fito fes yake, tsaf,
kamar falon da aka hana yara shiga.
Kowane tuntuɓen yatsa ya fito tsirara,
har ƙarar farcen da ban yanke ba.
Ashe tsohon nan asirina yake rufawa,
bai kuma taɓa yi mini gori ba.

Dare goma sha ɗaya ina jan linzami.
Na ƙara kauri, ya koma kwantan kunu.
Na rage, ya zama sauro.
Na zuba amsa-kuwwa,
sai ga ni ni kaɗai a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa.
Na rataya bargo a taga, na jingina katifa da bango,
janareton Alhaji Sabo dai sai da ya sa baki,
in ya huta, mai adaidaita ya karɓa.
Uwani ta leƙo:
wai kiɗa kake, ko lissafin bashi?
Tun isha'i kanka na allo, ban ji ko ƙas ba.

Gaskiyarta.
Kiɗan a kunnena yake, ɗaure da igiya,
iska ba ta taɓa shafarsa ba.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta da la'asar.
Na fita shan ruwa, randa ta kusa ƙafewa,
moɗa ta kuɓuce ta bugi gindinta:
gum.
Amo mai ciki, mai sanyi, da ɗan dishi-dishi.
Na tsaya nan da ƙishirwata.

Na juye sauran ruwan a bokiti,
na mirgino randa ɗaki, Uwani na salati.
Na zura ƙaramar sifika a ciki,
na sarƙafo makirfo a bakin da igiyar shanya.
Da wuta ta dawo na kashe amsa-kuwwar allo,
na ɗan rage kaifin sama,
na danne tsirkiya ta shida.

Ba muryar tsohon ba ce, ba zan yi ƙarya ba.
Amma tana da ƙirji.
Yumɓu ya lashe kaifin, ya bar ɗumin.

Nusaiba ta saurara sau biyu, ido rufe.
Baba, wane maɓalli ka taɓa?
Na ce tambayi uwarki,
ita ta sayo shi a Kurmi kafin a haife ki.

Yanzu ruwan jarka muke sha, ɗumi-ɗumi,
ga zafi ya kunno kai.
Uwani ta ba ni zuwa Juma'a.
Saura waƙa huɗu.